Yadda za ka hana faɗuwa a shagon walda ko gareji, da abin da za ka yi in wani ya faɗo

Ni aikina walda ne, ƙyaure da taga da teburin tankin ruwa, kuma shagona yana jere ɗaya da kanikawa da kafintoci, to duk abin da zan faɗa a nan abu ne da nake gani kullum. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi kuwa, wani yarona ne ya faɗo daga kan durom. Durom fa, wanda tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Ya hau zai kama saman wani get da muka jingine, durom ɗin babu komai a ciki, ƙasan kuma ba daidai take ba, yana miƙa hannu sai abin ya gangare, ya faɗo ta baya ƙugunsa ya bugi guntun angil ayon da ke yashe a ƙasa, hannunsa kuma ya karye a wuyan hannu saboda da shi ya tare. Kusan wata uku bai riƙe ƙarfe ba. Kuma laifina ne wallahi, don ina da tsani a shagon, na dai ga yana hawa durom ɗin na yi shiru saboda mai get yana tsaye a kanmu yana jira.

Mutane suna ɗauka sai wanda ya faɗo daga bene ne yake nakasa. A sana'o'inmu yawancin waɗanda na gani sun ji mugun ciwo daga ɗan ƙaramin tsayi suka faɗo, ko ma a tsaye suke santsi ya kwashe su, domin ƙasan shagonmu ba katifa ba ce, cike take da rodi da guntun falanki mai ƙusa da giya bos da kan injin. Ba nisan faɗuwar kaɗai ake dubawa ba, har da abin da za ka faɗa a kai.

Mataki na farko: ƙasan shago, kafin a kunna komai

Da safe kafin a tada janareta, ka ware minti goma kai da yaranka ku bi shagon da ido. Ba shara kawai ba. Ku fitar da hanya guda wadda mutum biyu ɗauke da kaya za su bi daga ƙofa har wurin aiki ba tare da sun tsallake komai ba, in da hali ka ja layi da fenti, ka ce wa yara duk abin da na gani a cikin layin nan mai shi zai ji daga gare ni. Guntayen ƙarfe su samu durom ɗinsu, guntayen katako su samu nasu, falankin da ke da ƙusa a cire ƙusar ko a lanƙwasa ta nan take, ba anjima ba.

Baƙin mai shi ne babban maƙiyin bakanike. In ya zube kar a ce bari a gama da motar nan tukuna, a watsa masa yashi ko garin katako daga wurin maƙwabcinka kafinta, a bar shi ya tsotse, a kwashe gaba ɗaya. A kwashe fa, don garin katakon da ya sha mai in aka tara shi a lungu kusa da masu walda wuta ce ke jira. Kuma kar a wanke mai da ruwa zalla, mai da ruwa a kan siminti ya fi man shi kaɗai santsi. Su kuma kafintoci garin katakon nan busasshe a kan daɓen siminti mai laushi shi ma yana kwasar ƙafa, musamman a gaban injin yanka, inda in ka zame hannunka ne zai fara neman abin kamawa, abin da ke gabanka kuma zarto ne yana juyawa.

Sai wayoyi. Wayar walda, wayar garanda, tiyon iska, duk suna kwance a tsakar shago kamar igiyar tarko. Ka buga ƙugiyoyi a bango ko a jikin ginshiƙin rumfa ka rataye su ta sama, wadda dole sai ta ratsa hanya ka ɗora mata falanki biyu gefe da gefe ta bi ta tsakiya. In an tashi aiki a naɗe.

Haske ma yana ciki. Ana ɗauke wuta da magariba sai ka ga yaro yana yawo cikin ƙarafa da tocilan waya a baki. Fitila mai caji guda biyu a rataye ba za su talauta kowa ba.

Mataki na biyu: takalmi

Silifas ba takalmin aiki ba ne, ban san sau nawa zan faɗa ba. Yana zamewa a mai, yana tsinkewa a kan tsani, ƙusa tana huda shi kamar takarda. In kuɗin sabon takalmin sefti ya yi yawa akwai na gwanjo, in shi ma bai samu ba to ko kambas mai rufe ƙafa da ƙasan roba mai zane, a ɗaure igiyarsa. Doguwar riga da wando mai jan ƙasa a ajiye su sai an tashi.

Mataki na uku: ramin gareji

Duk garejin da ke da rami, in babu mota a kai a rufe shi da falankai masu kauri, ba silin ko guntun kwano da zai yaudari mutum ya taka ba. Ka shafa wa bakinsa farin fenti ko ruwan ɗorawa don a gan shi da daddare. Ku da kuke wurin kun san inda yake, amma mai mota da ke ja da baya yana waya bai sani ba, yarinya mai tallan abinci ba ta sani ba, almajirin da ya shigo ba ya sani. Matakalar ramin a goge ta daga mai, kuma a hana yara tsallake rami da tsalle, a zagaya. Wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake sauka ya taru a cikin ramin, shi ya sa wanda ya daɗe a ciki yakan fito yana jiri. In ya fito ya zauna tukuna, kar ya miƙe ya ɗauki kaya.

Mataki na huɗu: tsani, a nan zan daɗe

Da farko dai abin da ba tsani ba kar a mai da shi tsani. Durom, jarka, bokitin fenti a kife, taya a kan taya, kujerar roba, bulo biyu a tsaye. Duk mun hau, kuma duk wanda ya daɗe a sana'a ya san wanda suka kayar. In aikin ɗan tsayi kake yawan yi, kai mai walda ne ko maƙwabcin mai walda, ka haɗa benci mai ƙafa huɗu masu buɗewa waje da faffaɗan sama, aikin rabin yini ne.

Kafin ka hau tsani ka kwantar da shi ka duba. Na katako ka duba tsagewa da inda gara ta ci da matakin da ƙusarsa ta saki. Na ƙarfe irin wanda muke haɗawa da kanmu ka duba kowane wurin walda, musamman matakan ƙasa da suke shan ruwa da tsatsa, ka ɗan bubbuga da guduma. Matakin da ya yi mai ko giris a goge. Tsanin da ya lalace kar a jingine shi a lungu a ce za a gyara, wani zai ɗauka, ko a gyara yau ko a yanka shi.

Wurin kafawa, ƙasa mai tauri kuma daidai. In ƙasa ce mai yashi ko damina ta jiƙa ta, ka shimfiɗa faffaɗan falanki a ƙarƙashi, kar ka cusa dutse ko guntun bulo a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ka daidaita. Sannan lissafin jinginawa, wanda yawancinmu da ido muke yi: duk tsayin mita 4 ƙafar tsanin ta nisanci bango da mita 1. In bangon mita 2 ne, rabin mita ke nan. In ka matso da shi sosai zai kife da kai ta baya, in ka nisanta shi ƙafar za ta zame ka sauko da fuska. Hanya mai sauƙi ta gwadawa, ka tsaya yatsun ƙafarka suna taɓa gindin tsanin, ka miƙa hannuwanka gaba sosai, in tafin hannunka ya sauka daidai kan matakin da ke saitin kafaɗarka to ya zauna.

In kan rufi ko kan dakali za ka hau, kan tsanin ya zarce bakin wurin da kamar mita 1, wato mataki uku, don ka samu abin riƙewa lokacin da kake sauka daga kansa da lokacin da za ka dawo. Wurin dawowar nan ne mutane suka fi faɗowa, mutum yana laluben mataki da ƙafa ta baya ba ya gani. Ka ɗaure saman da igiya a jikin abu mai ƙarfi, kafin a ɗaure kuma wani ya riƙe gindin da hannu biyu, ba yana riƙe da hannu ɗaya yana kallon waya ba. Kar a kafa a bayan ƙofar da ake buɗewa sai an kulle ta.

Kana hawa kana fuskantar tsanin, kuma ko da yaushe gaɓoɓi uku suna jikinsa, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Ma'ana ba a hawa da garanda a hannu. Ka hau hannu wofi, a ɗaura kayan a igiya ko a sa a bokiti ka jawo. Kar ka taka matakai uku na ƙarshe. Kuma ka riƙe wannan, cibiyarka kar ta fita daga tsakanin sandunan tsanin biyu, da zarar ka ga sai ka karkata kafin hannunka ya kai, sauko ka matsar da shi. Na san ana jin ƙyuya, saukowa da hawa sau biyar a kan aiki ɗaya, amma abin da yarona ya yi ke nan, miƙa ya yi.

Tsanin ƙarfe da wayar NEPA ba sa haɗuwa. Kafin ka ɗaga tsani ko doguwar fayif ka ɗaga kai ka duba sama. Sau da yawa ba shokin ne ke kashe mutum ba, jefo shi yake yi daga sama. Mu masu walda kuma muna da namu, safar hannu ta jiƙe da gumi, ka zo canza ilektirod, wato sandar walda, a saman teburin tanki, ɗan jan da wuta za ta yi maka ya isa ka saki hannu. Ka riƙa ajiye busasshiyar safa ta biyu. Kuma in fuskar walda tana rufe da idonka ba ka ganin inda ƙafarka take, don haka kar ka motsa ƙafa sai ka ɗaga ta.

Mataki na biyar: rufi da teburin tanki

Tsohon kwano da asbesto da farar robar nan da ake sawa don haske ba sa ɗaukar nauyin mutum, daga sama kuma duk iri ɗaya suke idan ƙura ta rufe su. Ka shimfiɗa falanki a kan layin katakon da ke ƙasa, inda ka ga jerin ƙusa, ka taka falankin. Kar a hau kwano da sassafe yana da raɓa, ko bayan ruwa, ko hadari ya taso da iska, falle ɗaya na kwano in iska ta shiga ƙarƙashinsa yana hannunka zai tafi da kai.

In aikin ya wuce tsayin mutum sosai kuma zai ɗau lokaci, tsani bai isa ba, a kafa sikafol, wato dandamalin tsayawa irin na magina, da falanki aƙalla biyu a jere a ɗaure, da sandar kariya a daidai ƙugu. Akwai kuma bel ɗin da ake sawa ta kafaɗu da cinyoyi, masu aikin hawa ƙarfen sabis suna amfani da shi, ana samu a wurin masu sayar da kayan sefti. A maƙala shi a sama da kai a jikin abin da ba zai tsinke ba, igiyar kuma gajera yadda ba za ka kai ƙasa ba. Ɗaura igiya a ciki kawai ba daidai ba ne, in ka faɗo ita ce za ta ji maka ciwo a ciki da baya.

Mataki na shida: ɗaukar kaya da lafiyar mai hawa

Get ko faffaɗan katako ko gilashi yana rufe maka gabanka. A duba hanya kafin a ɗaga, mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kuma in zai yiwu kowa ya tafi ta gefe maimakon wani ya yi ta ja da baya.

Maigida, ka kalli fuskar yaro kafin ka tura shi sama. Wanda bai karya ba, wanda zazzaɓi ke jikinsa, wanda ya kwana idonsa na zafin hasken walda bai yi barci ba, wannan ba mai hawa ba ne yau. Da azumi ko a zafin Maris da Afrilu aikin sama a yi shi da safe, bayan azahar a yi na ƙasa. Mai farfaɗiya ko mai yawan jiri a ba shi aikin benci ba tare da an kunyata shi ba. Wanda kuma ka san yana shan ƙwaya don wai ya ji ƙarfin aiki, kar ka rufe ido don yana maka sauri, tiramol yana kawo jiri har da jijjiga.

To in an faɗo fa

A nan ne muke ƙarasa mutane da hannunmu saboda tausayi. Ana faɗowa sai a yi caa a kansa, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, a ɗaga shi a zaunar, a kwara masa ruwa, a ɗora a babur. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗagawar ce za ta iya taɓa lakar da ke ciki mutum ya shanye har abada.

Fara kashe janareta ko ka cire wuta in akwai waya kusa da shi, kar ka taɓa shi kafin nan. Ka duba kar wani abu ya sake faɗowa. Sai ka durƙusa ta wajen kansa ka kira sunansa, ka ce kar ya motsa, ka riƙe kansa da hannu biyu a yadda ka same shi. Mutum ɗaya ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo mota, sauran su ja baya.

In yana magana ka tambaye shi ina ke ciwo, yana jin ƙafafunsa, zai iya motsa yatsu. Ciwon wuya ko baya, ko ya ce ƙafa ta mutu ko tana masa kamar tafiyar kiyashi, to a ɗauka baya ya taɓu. Haka in ya suma ko na ɗan lokaci ne. Irin wannan in babu motar asibiti sai dai ku kai shi, ku nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu, ɗaya yana riƙe da kai shi ke ƙirga, ku juya shi gaba ɗaya kamar gungume kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, ku tura katakon ƙarƙashi, ku tare kan da naɗaɗɗun riguna ta gefe biyu, ku ɗaure shi da zani. A bayan akori-kura ko bas da aka kwantar da kujeru, a tafi a hankali. Ba babur ba, ba a zaune a Keke ba.

In ba ya numfashi, wannan ya sha gaban komai, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. In yana numfashi amma amai ya taso, ku juya shi gefe gaba ɗaya kamar yadda na faɗa don kar ya shaƙe. Kar a ɗura masa ruwa ko lemo ko madara, zai iya shaƙewa, kuma ƙila a buƙaci yi masa tiyata.

Jini, a danne da tsumma mai tsabta a ci gaba da dannewa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. 'Yan'uwana kanikawa don Allah a daina zuba man birki da baƙin mai da fetur a ciwo, zafin da yake yi ba magani ba ne, nama yake ƙonawa. In rodi ko ƙusa babba ta shige jiki kar a zare, a tare ta da tsumma ta gefe a tafi da ita a haka. Kuma duk ciwon ƙarfe ko ƙasa a tambayi allurar tetanus a asibiti.

Karaya, kar a ja kar a miƙe. A sa falanki ko kwali mai kauri a gefe a ɗaure sama da ƙasan wurin, ba tamau ba, a cire zobe da agogo kafin kumburi. A je a yi hoto tukuna. Na san da yawanmu wurin mai ɗori muke fara zuwa, amma ɗaurin da ya matse a kan gaɓar da ke kumbura yana tsayar da jini, kuma ta haka ake rasa hannu ɗungurungum. In yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi ko ciwon ya yi ta ƙaruwa, a kwance a tafi asibiti a daren. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta ɗori ba ce sam. Mu a Kano muna da asibitin ƙashi na Dala, ga Murtala ga na Malam Aminu Kano. Wuyan hannu kuma yana da wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da karayarsa takan ƙi fitowa a hoton farko, in ciwon bai tafi ba bayan kwana goma zuwa sati biyu a koma a sake.

Wanda ya bugu a kai ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, shi ma kar ya koma aiki ranar, kar ya hau babur, kuma a gaya wa mutanen gidansu su sa masa ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake kasa tada shi, magana ba kan gado, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko ɗaya aka gani asibiti kai tsaye, jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali mutum yana yawo. Haka wanda ya bugu a ciki ko haƙarƙari ya fara gumi mai sanyi yana jiri.

Maganar kuɗin magani kuma, wanda yake aiki a kamfani ya sani akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa, ba a cire wa ma'aikaci. Ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, ka adana katin asibiti da hoto da rasit. Mu na bakin titi kuwa abin da muka yi a layinmu bayan abin da ya samu yarona shi ne asusu, kowane shago yana zuba ɗan abu duk Juma'a a hannun mutum biyu, na kai mutum asibiti ne kawai ba na biki ba. Mun kuma ajiye ƙyaure ɗaya mara nauyi da zannuwa biyu a shagon kafinta, kowa ya san inda suke, da lambar direbobi biyu masu akori-kura a rubuce a bango.

Yaron ya dawo aiki, na fara ba shi aikin benci na wata guda kafin ya sake hawa komai. Durom ɗin kuma na yanke shi biyu, yanzu guntayen ƙarfe muke zubawa a ciki.